Fuska a Bangon Filin Ƙwallo

Mai Fenti gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, maras yawan magana, wanda warin kananzir ba ya barin hannunsa ko da wane irin sabulu ya wanke. Tun yana saurayi yake rubuta allunan shaguna, na masu aski da teloli da masu gyaran rediyo. Karatunsa bai yi nisa ba, sau da yawa sai an rubuta masa kalmar a takarda sannan ya bi ta harafi bayan harafi yana motsa leɓe. Amma fuskar mutum, in ya kalle ta sau ɗaya, ta zauna masa ke nan. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a layin masu walda. Gwangwanaye a jere a kan katako, burushi manya da ƙanana a jiƙe cikin tsohuwar kwalba, tsani a jingine bayan ƙofa, sai benci guda da fenti ya yi ta ɗiga a kansa har ba a san asalin launinsa ba. Da wannan sana'a ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa mata, ya rufa wa kansa asiri. Aikin da aka fi saninsa da shi kuwa, sau ɗaya ake yin sa a shekara.

Kulob ɗin ƙwallon garin yana da wata ɗabi'a. Kafin a buɗe kakar wasa, akan yi 'yan makonni ana wasannin share fage da ƙananan kulob-kulob na unguwanni da ƙauyuka, don 'yan wasa su warware jiki. A irin waɗannan wasanni ba mai son ya ji ciwo, ba mai sa ƙafa da gaske, kuma kowace shekara sai an sami yaro ɗaya da ya haskaka. Ya ci uku yau, ya ci biyu jibi. 'Yan rediyo su ɗauka, magoya baya su raɗa masa suna, a fara cewa bana kofi ya zo gida. Daga nan sai Sakataren kulob ya bayyana a shagon Mai Fenti da hoto a aljihun gaba.

Bangon yana gefen babbar ƙofar fili, yana kallon titi, tsayinsa ya kusa na bene. A daidai wurin titin ya yi kwana, ga kuma wani rami da aka gaji da cikewa, don haka duk motar da ta zo dole ta rage gudu, mutanen ciki su kalli bangon ko ba su so. A nan ake zana yaron, daga ƙirji zuwa sama, da lambarsa da laƙabinsa da jan fenti. Kafin a zana sabo kuwa sai an shafe na bara da fari, wannan ma aikin Mai Fenti ne. Shekara da shekaru fenti yana hawa kan fenti, har bangon ya yi kauri kamar ɓawon itace. Wani lokaci bayan ruwan sama wani yanki yakan ɓalle ya faɗo, sai ka ga ido ɗaya na wani yana leƙowa daga ƙarƙashin kumatun wani.

Mai Fenti ya san mai kowane ido. Akwai Guguwa, wanda aka karya wa gwiwa tun a farkon kaka, yanzu yana gadi a wata makaranta yana jan ƙafa. Akwai Harsashi, da aka ce wani kulob na ƙasar waje yana zawarcinsa, ya tafi gwaji ya dawo da rigar sanyi da tari, bai ƙara taka leda ba. Akwai wanda ya yi ƙiba, akwai wanda ya faɗa shaye-shaye. Da yawa kuma ba abin da ya same su, kawai dai da aka fara wasan gaske sai aka neme su aka rasa. Ko ɗaya a cikinsu bai kai inda aka ce zai kai ba.

Akwai ma ɗaya da bai bar gindin bangon ba. Walƙiya ke nan, mai faci, wanda ya kafa injin iskarsa da bahon ruwansa a inuwar bangon. Ya yi tumbi, gashi ya zube, amma bakinsa yana nan yadda yake.

"Baba, ni ina can wajen ina ne a ciki?" yakan tambaya in ya ga Mai Fenti ya kafa tsani. "In ka kankare a hankali za ka same ni da gashina cif. A nuna wa matata, ta daina cewa ƙarya nake."

"Kana can ƙasa. Yi shiru in yi aiki."

"Ai shirun muke yi. Ni da na ciki duka."

Wata rana, ba wanda ya tambaye shi, yana danna tayar babur cikin ruwa yana neman inda kumfa ke fita, Walƙiya ya faɗi abin da ya same shi. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya karya shi. Ranar buɗe kaka ya biyo ta ƙofar nan, ya ɗaga kai ya ga kansa ya fi ɗaki girma, sai duk abin da ya iya ya gudu ya bar shi.

"Wancan na bangon suka zo kallo," ya ce. "Ni kuwa ban san inda zan samo musu shi ba."

Mai Fenti ba mutum ne mai camfi ba. Amma tun daga ranar, duk sanda ya tsoma burushi a farin fenti ya ja daga goshi zuwa haɓa, sai ya ji kamar mayafi yake ja a fuskar mamaci.

Auta shi ne ɗansa namiji tilo, ya zo bayan an fid da rai. Ya ƙi burushi tun yana ƙarami. In aka aike shi sayo kananzir, sai a same shi a fili, galan ɗin ya zama turken raga. Ya ɗebo goshin uban da hancinsa da ƙananan idanunsa, amma tsayi da wushirya na uwar ne, ga kuma tabo a girar hagu inda ya taɓa karo da ƙarfen raga. Yaro ne mai saurin dariya. Bai daɗe da cika ashirin ba kulob ɗin garin ya ɗauke shi, ɗan gaba.

Mai Fenti bai je kallon wasannin share fage ba. Daga shago yake jin ihun yana tasowa kamar ruwan sama mai zuwa daga nesa, sai masu walda su kashe inji su kasa kunne.

"Baba, ɗanka ya sake!" in ji mai waldan da ke maƙwabtaka da shi, rediyo manne a kunne. "Wallahi ya sake! Ka ji sunan da suka sa masa? Aradu!"

"Allah ya tsare," in ji Mai Fenti.

"Allah ya ƙara za ka ce, Baba."

"Ya tsare dai."

Da hantsi wata rana Sakatare ya zo. Siririn mutum ne mai tabarau, wanda ba ya zama a bencin shagon don kada wandonsa ya ɓaci. Ya zaro hoto ya ɗora a kan gwangwani yana murmushi.

"Bana ba ka ma buƙatar hoto, Baba. Abin a gidanka yake kwana."

Mai Fenti ya kalli hoton, bai taɓa shi ba. "Ranka ya daɗe, idona ya fara rauni. Hannun ma rawa yake yi. Ko a bar bangon ya huta bana?"

"Bango ya huta? Noma ya yi da ya gaji?" Sakatare ya yi dariya. "Jiya na ga allon da ka yi wa mai kantin magani. In wannan ne rawar hannu, Allah ya ba ni irinta."

"To a jira a yi 'yan wasanni na gaske tukuna. In ya yi abin kirki, sai a zana."

"Wa zai fito kallon wasan farko saboda farin bango? Ka ga, Baba, in ba za ka iya ba, ba faɗa. Akwai yaran nan masu injin buga hoto a leda, gobe-gobe za su manna mana shi. Ni dai na ga bai dace ba a ce ɗanka ne, wani kuma ya hau tsani."

Ke nan ko da shi ko ba shi, Auta zai hau bango. Mai Fenti ya ɗauki hoton ya sa a aljihu.

A gida, wurin cin abincin rana, Auta ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ci loma ya tashi, ya dawo ya ci ya tashi.

"Baba, ka ba ni kafaɗa sosai. Ta fi ta Guguwa. Kuma kar ka manta da wushiryar, ita ce jarina."

"Jarin wa? Tawa ce, aro na ba ka," in ji uwar, ta kai masa duka da mafici ya kauce. Tana dariya, amma idonta yana kan mijinta, wanda yake ta juya cokali a kwano bai kai baki ba.

Washegari ya kafa tsani. Ya shafe na bara, wani yaro da ake kira Injin, wanda tuni ya koma ɗinkin kujeru a wurin yayansa. Ya jira farin ya bushe. Ya ja layin kai da gawayi, ya ja wuya da kafaɗa. Ya yi goshi, ya yi hanci, duk ba wuya, don ya san su kamar yunwar cikinsa. Da ya zo baki, hannunsa ya tsaya. A hoton, Auta dariya yake yi, wushirya a waje. Mai Fenti ya daɗe a kan tsani da burushi a sama, fenti yana ɗiga a takalminsa. Sai ya rufe bakin. Ya haɗa leɓɓan, ya ɗan ja su ƙasa.

Bai shirya abin daga gida ba. Amma da ya rufe bakin, sauran suka biyo da kansu. Ya bar girar hagu lafiya lau, ba tabo. Ya faɗaɗa muƙamuƙi, ya gajarta wuya, ya sa ɗan ramin nan na haɓa wanda gemu ya rufe shekaru masu yawa. Fuska ce da ya sha gani a madubin masu aski, lokacin da yake rubuta musu alluna yana saurayi. A ransa yana cewa, in akwai wani abu a bangon nan, ko idon mutane ne, ko bakinsu, ko ma mene ne, to ga wanda zai samu. Ni na riga na ci zamanina. A ƙasa ya rubuta Aradu da jan fenti, ya sa lamba tara.

"Kai, yaron nan ya ɗebo ka, Baba!" Walƙiya ya ɗaga murya daga ƙasa, hannu a goshi. "Amma me ya sa ya ɓata rai haka? Kamar wanda tayarsa ta yi faci a tsakiyar daji."

"Ɗan gaba ba ya dariya."

"Ni ai da dariya ka zana ni."

"To ka ga inda ta kai ka."

Walƙiya ya kwashe da dariya har da tari.

Matarsa ce ta fara ganewa. Ta biyo ta wurin daga kasuwa da kwando a hannu, ta tsaya a tsallaken titi ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsallako ta tsaya a gindin tsani.

"Malam, sauko."

Ya sauko.

"Wannan mutumin na san shi," ta ce a hankali, don kada mai faci ya ji. "Shi ne ya riƙa zuwa ƙofar gidanmu da takalmin aro, ya tsaya ya kasa magana."

"Ki rage murya."

"Ina ɗana?"

Ya faɗa mata, yana goge yatsu da tsumma, bai kalle ta ba. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma ce ya yi daidai ba.

"In ya gane fa?"

"Ba zai gane ba. Yaro ne, sunansa zai karanta."

"Ni na haife shi. Yaron da yake tsayawa a gaban madubi har ruwan wanka ya huce?"

"Ko ya gane, kar ki faɗa masa dalili. In ya ji ina tsoro, da tsoron zai shiga fili."

Ta sauya wa kwandon hannu. "Allah ya sa ka san abin da kake yi, Malam."

Da aka gama aikin, Auta ya zo da abokan wasansa bayan atisaye, kowa da waya a hannu. Suka yi ihu, suka ɗaga shi sama. Sai golan kulob ɗin, wani dogo mai tsokana, ya karkata kai ya ce, "Aradu, ina wushiryar? An cike maka ita da siminti ne?" Wani ya ce ai wannan yayansa ne da ya gudu daga gida. Aka yi ta dariya, shi ma Auta ya yi, aka ɗauki hotuna. Amma da suka watse, shi ya tsaya.

Da la'asar ya zo shago, ya tarar uban yana wanke burushi a kananzir.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa. An tashi?"

"An tashi." Ya zauna a bencin, bai duba ko fentin ya bushe ba. "Baba, wane ne a bangon?"

"Ba ka karanta ba?"

"Na karanta. Fuskar nake tambaya."

Mai Fenti ya matse burushi, ya sake tsomawa.

"Guguwa, har ƙurjin gefen hancinsa ka sa. Harsashi, mutane suna cewa kamar zai yi magana. Su a hoto kawai ka gan su. Ni da nake cin abinci a gabanka kullum?"

"Fenti ne, Auta. Daga nesa ake kallonsa."

"Daga nesa na kalla. Na matso na kalla. Kai ne, Baba. Kai ne a hoton nan na ɗakin Mama." Muryarsa ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi. "In kana so a gan ka a bango, ai da ka faɗa. Bangonka ne. Shekara nawa kana hawansa."

Mai Fenti ya ajiye burushin. Ya kalli dogayen ƙafafun yaron a miƙe a tsakar shago, lafiyayyu, ko ƙwarzane babu.

"Yaushe ne wasan?"

"Jibi."

"To ka riƙa kwanciya da wuri."

"To," in ji Auta. Ya tashi ya fita. Koren fenti ya manne a bayan wandonsa.

Ranar buɗe kaka, Mai Fenti ya rufe shago ya tafi fili kallon wasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya fara tsayawa a wurin Walƙiya. Jama'a suna ta kwarara ta ƙofa, wasu suna taɓa bangon da tafin hannu kafin su shiga. Can sai ga motar 'yan wasan baƙi, doguwa, ta zo kwana ta rage gudu a kan ramin. Fuskoki suka cika tagogi. Wani mai sanƙo da kaurin wuya, wanda ya girme wa sauran, ya kalli bangon daga sama har ƙasa ba gaggawa. Ya taɓa na kusa da shi, ya nuna da haɓa. Ba su yi dariya ba. Motar ta shige.

Walƙiya ya ajiye abin da ke hannunsa. Wannan karon ba wasa a bakinsa.

"Lamba suke karantawa, Baba," ya ce. "Ba ruwansu da fuska."

Mai Fenti ya shiga ya sami wuri a kan siminti, can sama, tsakanin mutanen da ba su san shi ba.

Da 'yan wasa suka fito, fili ya ɗauka, Aradu, Aradu, har simintin yana rawa a ƙarƙashinsa. Auta bai ɗaga hannu ba, bai kalli kowa ba. Aka busa usur. Mai sanƙon nan ya zo ya tsaya a bayansa kamar inuwa. Ƙwallon farko da ta zo, kafin Auta ya juya an riga an tura shi ƙasa, alƙalin wasa ya ce a ci gaba. Ta biyu, aka taka masa ƙafa. Mai sanƙo ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya raɗa masa wani abu a kunne yana shafa masa kai.

Ba a karya shi ba. Mai Fenti ya zauna yana jiran ƙarar ƙashi, ba ta zo ba. Abin da ya gani daban ne. Yaron da aka ce yana wasa yana dariya, yau haƙoransa a cije suke. In ya sami ƙwallo ba ya bayarwa. Abokinsa yana gefe shi kaɗai yana ɗaga hannu, Auta sai ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin mutum uku, a ƙwace. Sau ɗaya ya sami raga a buɗe, ya narka ta da duk ƙarfinsa, ta tashi ta haye katanga ta faɗa titi. Ihun ya ragu. Ya koma gunaguni. Wani a bayan Mai Fenti ya ja dogon tsaki ya ce, "Wannan Aradun ba ruwa a cikinsa." Bayan an dawo hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, koci ya fitar da shi. An ci su ɗaya.

Aka ce wasan farko ne. Na gaba ma haka. Na bayansa aka sa shi ana dab da tashi, bai ko taɓa ƙwallo ba. Daga nan sai benci, rigar sanyi a kafaɗa, yana kallon ƙasa. 'Yan rediyon da suka ɗaga shi suka fara tambayar wa ya ce musu ma ya iya. A gida ya daina dariya. Yana gaishe da uban safe da yamma yadda ya kamata, ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki.

Bangon ma ya fara karɓar rabonsa. Aka jefe shi da laka. Wani ya hau kan ganga ya ƙwaƙule ido ɗaya da ƙusa. Wani ya rubuta zagi da gawayi a goshin. Kullum Mai Fenti sai ya biyo ta wurin, ya tsaya ya kalli fuskarsa ta samartaka da ido ɗaya da laka a baki, yana jiran abin ya iso gare shi. Yana jiran ciwon kai, ko tsani ya zame, ko hannu ya shanye. Ko mura bai yi ba. Yana ci yana sha, aiki ma ƙaruwa ya yi. Yaron kuwa yana ramewa a gabansa.

Kafin kaka ta raba tsakiya kulob ya sallami Auta. Wani ƙaramin kulob a gari mai nisa ya ce ya zo a gwada shi. Ana gobe zai tafi, da rana, uwar tana ninke masa kaya, ta kasa riƙewa ta faɗa masa komai. Mai Fenti bai sani ba sai a tasha.

Da safe ne, an cika mota saura mutum biyu. Mai Fenti ya dage shi zai riƙe jakar, ya riƙe har bakin mota. Suka tsaya a gefe, kusa da mai sayar da ruwa.

"Mama ta faɗa mini," in ji Auta.

Mai Fenti ya kalli jakar.

"Na yi ta jin haushi, ina cewa kanka ka so. Da ma hakan ne, Baba. Da ya fi mini sauƙi."

"Tsare ka na so in yi."

"Na sani." Ya shafa tabon girarsa da yatsa. "Ban buga wasan gaske ko ɗaya ba, ka riga ka san zan faɗi. Duk gari yana ihu, kai kana kan tsani kana gyara mini inda zan faɗo."

"Ba kai ba ne, Auta. Duk wanda ya hau bangon nan..."

"Ai shi ke nan. Duk wanda. Ban fita daban ba ko a wurinka." Ya yi ɗan murmushi, wushiryar ta leƙo ta koma. "Ranar nan da na shiga fili, na ɗauka ba ka taɓa kallona ba. Na ce yau sai ka gan ni, ko ƙafata za ta karye. Ashe ka gan ni sarai."

Direba ya buga gefen mota. Auta ya durƙusa kaɗan, ya karɓi jakar da hannu biyu.

"A yi mini addu'a, Baba."

"Allah ya kiyaye hanya. Allah ya..." Ya tsaya, ya rasa wacce zai ce. Motar ta tashi.

Auta yakan kira uwar a waya. Wani lokaci ya ce an sa shi wasa, wani lokaci ba ya ambaton ƙwallo sam, sai labarin wani kamfanin lemo da yake taya lodi. In ta miƙa wa uban wayar, gaisuwa ce. Lafiya lau, lafiya lau, ya aiki, da godiya. Mai Fenti yakan riƙe wayar a kunne bayan an kashe, har sai matar ta zare ta daga hannunsa.

Shekara ta zagayo. Ihu ya sake tasowa daga fili, masu walda suka sake kashe inji. Da hantsi Sakatare ya leƙo shago, ya tsaya a tsaye kamar yadda ya saba, ya zaro hoto.

"Wannan kam na gaske ne, Baba. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙafa biyu yake ci da su."

Mai Fenti ya karɓa ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Yaro ne ƙarami, kunnuwansa a buɗe, gashin baki bai gama fitowa ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska don hoto amma dariya ta ci ƙarfinsa.

"Yana da uba?"

"Da ransa da lafiyarsa. Shi ma ya kawo hoton da kansa. Yana waje, ya ce sai ya gaishe ka."

Mai Fenti ya leƙa. A tsakiyar layi, tsakanin ƙarafa da tartsatsin walda, wani mutum ne tsaye cikin kayansa mafi kyau, sabuwar guga, takalmi a goge. Yana ta kauce wa tartsatsi yana murmushi, kuma tun daga nesa ya riga ya miƙo hannu biyu.

Mai Fenti ya goge tafinsa a jikin riga, ya sake gogewa.

"Ce masa ya shigo," ya ce. "Akwai rana."